Akwatin da Ya Tona Asirin Sale Mahauci

Jiya ina zaune nan bakin rumfa ina jin ku kuna karanta labari a waya, wai wani babban kamfani ya yarda akwai kafa a manhajarsa wadda ɓarawo zai iya bi ya kwashe sirrin mutane, kuma sun daɗe da sani, sai yanzu suka ga damar fitar da gyara. Kuka yi dariya. Ɗayanku ya ce ai ba komai, a sabunta kawai. Ban tanka maku ba, don in raina ya ɓaci bakina ba ya tsara magana. Yau na ɗan huce. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

A ganinku sana'ar nan wasa ce. A kawo waya, a jona ta da kwamfuta, a danna, a jira, a miƙa wa mai ita. In ta ƙi a ce mashi ta mutu, ya sayi wata. Ba ku taɓa ganin mutumin da wannan "ba komai" ɗin ya faɗo wa a ka ba. Ni na gan shi, na san gidansu, na ci naman hannunsa.

Ni mutumin Rawayau ne. Lokacin da aka canja kuɗi aka koma naira ina saurayi, mahaifina ya kawo ni Dutsin-Ma ya damƙa ni hannun Malam Bulus, wani Kirista mutumin kudancin Zariya da ke gyaran rediyo kusa da tasha. 'Yan ƙauyenmu suka yi ta ƙananan maganganu. Baba ya ce masu, "Aikin hannu na kai shi ya koya. Salla na riga na koya mashi a gida." Malam Bulus kuwa shi da kansa yake kora ta masallaci. Da an kira sai ya ce, "Lawal, ajiye ƙarfen nan, ba gudu zai yi ba."

Rediyon farko da aka bar ni na buɗe ta wani dattijon Bafulatani ce daga Kuki. Ya ɗinka mata riga da zare kala-kala, yana rataya ta a kafaɗa in zai fita kiwo. Batir ya kwana biyu a ciki ya zubar da ruwa, ya ci ƙarfen da yake zama a kai har ya yi kore. Na kankare da tsinin wuƙa, na goge da tsohon buroshin haƙori, na kakkaɓe ƙura da gashin kaza. Ba mu da wutar lantarki a rumfa, ƙarfen liƙi a kaskon gawayi muke gasa shi. Ka ɗauko, ka kawo shi kusa da kumatunka ka ji zafinsa. In ya yi yawa ya ƙona maka allo, in bai kai ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa, ka ga kamar ka liƙa, mai kaya yana hawa jaki ta sake. Mita guda muke da ita, mai allura, kuma sai da na daɗe kafin a bar ni in taɓa ta. Malam Bulus cewa yake hanci kafin mita. Ka buɗe murfi ka shinshina, abin da ya ƙone zai gaya maka inda yake.

Na gama, rediyo ta yi magana, ina ta washe baki. Malam Bulus ya karɓa ya duba, ya nuna mani wata waya da ta kusa tsinkewa kusa da lasifika. Ba ita aka kawo a gyara ba, kuma ba mu da irinta ran nan. Ya kira dattijon ya nuna mashi da ɗan yatsa, ya ce, "Baffa, wannan ba za ta kai kaka ba. In ta yi shiru kada ka ce aikin yaro ne, ka dawo da ita." Da mutumin ya tafi ya ce mani, "Abin da ka gani a cikin akwatin mutum nashi ne. Ka faɗa mashi ko bai tambaya ba."

Daga baya rikoda ta yi yawa, duk wanda ya dawo daga Makka da tashi. Akwai ta wata Hajiya daga Makera da ba na mantawa. Kaset ya maƙale, zaren ya nannaɗe a jikin ƙarfe kamar taliya. Na riƙa zaro shi a hankali da tsinken ashana, inda ya tsinke na haɗa da jan farce, na naɗe shi da biro. Da na saka don gwaji sai muryar mace ta fito, tana yi wa ɗanta da ke kudu bayanin wani abu da ya faru a gidansu. A lokacin wanda bai iya rubutu ba haka yake aika saƙo, ya yi magana a kaset ya ba direba. Rumfa kuwa cike take da 'yan zaman hira. Ba ta ƙarasa maganar farko ba Malam Bulus ya miƙo hannu ya kashe. Ya ce da mutanen su ɗan ba mu wuri. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya jefo mani wani tsohon kaset na kiɗa, ya ce da wannan ake gwaji, ba da na mai kaya ba. Ku kuwa ina kallonku, a kawo maku waya gyaran sikirin, ku shiga hotunan mutum kuna nuna wa juna.

Haka na yi shekaru har Malam Bulus ya yaye ni, na buɗe rumfata nesa kaɗan da tashi. Idonsa ya fara rauni, aikin da ke son gani sosai ni yake turo wa.

Bayan an ba mu jiha da kaɗan, wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe ƙananan asibitoci. Babban yana Dutsin-Ma, nan likita yake da ɗakin gwaji, ƙanana kuma a Kurfi da Kuki. Babu tarho a wuraren nan, hanya kuwa in damina ta yi nisa babur ma sai an tura. Sai suka sayi rediyon oba-oba don su riƙa magana da juna. Kowace rediyo an haɗa ta da wani ƙaramin akwati mai maɓallan lamba da fitila guda. Aikinsa ya hargitsa magana. Ka danna lambar sirri, fitila ta yi kore, duk wanda ya kama tashar a waje ba abin da zai ji sai kamar kukan kwaɗi a fadama. Sai rediyon da ke da irin akwatin da irin lambar ce za ta warware maganar.

Wakilin kamfanin da ya kawo su daga birni yake zuwa da mota, Injiniya muke ce mashi. Shi ya ɗauke ni in kafa eriya, in riƙa duba batura da janareta. Ƙaramin akwatin kuwa an liƙe shi da jar takarda a kan kowane noti. Ya ce mani, "Wannan ba naka ba ne. A cikinsa akwai umarni da masu ƙera shi suka rubuta, ba abin da sukuddireba za ta yi a nan." Wannan umarnin shi ne abin da kuke kira manhaja yanzu. Ran da aka ƙaddamar, a gaban likita da ma'aikata ya buga ƙirji ya ce, "In dai kun ga koriyar fitila, ku faɗi duk abin da kuke so. Daga bakinku sai kunnen wanda kuka kira."

Eriyar Kurfi ta ba ni wahala. Waya ce doguwa da za a ɗaure tsakanin sandar ƙarfe da wani bedi da ke bayan asibitin, kuma iska na kaɗawa. Ina saman bishiya, wadda ta riƙe mani igiya a ƙasa ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wurin. 'Yar yankin su Malam Bulus ce, Baba take ce mashi. Ta daɗe a Kurfi tun kafin ƙungiyar nan ta zo, yara da yawa a garin a hannunta aka haife su, har Fulatanci ta ɗan iya saboda matan ruga. Na sha zuwa duba batir lokacin da likita zai kira. Da rediyo ta yi ƙara sai ta ce, "Malam Lawal, ɗan sha iska." Ta fitar da ni, ta fitar da mai shara, ta ja ƙofa ta rufe taga.

Sale kuwa mahauci ne a kasuwar Kurfi, gadon fawa ya yi. Balangunsa sai ka yi sammako, in rana ta take babu. Da damina tari ya kama shi ya ƙi sauka, ya fara ramewa. Ya bi ta bayan asibiti ya sami Sista ita kaɗai. Ta ɗauki kakinsa a kwalba ta aika Dutsin-Ma. Da sakamako ya fito likita ya kira ta a rediyo ya faɗa mata sunansa da sana'arsa, ya ce tarin fuka ne, a fara mashi magani. Ta aika aka kira shi, ta gaya mashi a ɗaki. Ta ce ciwo ne da ake warkewa in an jure shan magani, ya ɗan janye daga nama har maganin ya kama jiki, ya ce wa mutane hutu yake yi, ƙanensa ya riƙe mashi wurin. Ya yarda. Ko matarsa bai kai ga faɗa wa ba.

Ran kasuwa ƙanen nashi ya yanka, ya shimfiɗa nama, ba wanda ya matso. Mutane na zuwa su tsaya daga nesa su wuce wurin wani. Naman ya wuni har ƙuda suka gaji da shi. Da yamma sauran mahauta suka aiko a ce wa su Sale su ɗan matsa daga layi, kada a haɗa da su a ƙi. A masallaci Sale ya shiga sahu, na damansa ya ja baya, na hagunsa ya ja baya. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu cin abinci a gidansa.

Ya tafi asibiti tsakar rana, mata na zaune a baranda da goyo, ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Sista, mu nawa muka san maganar nan?"

"Ni da kai da likita."

"Likita yana Dutsin-Ma, bai san kowa a nan ba. Ni ban faɗa ba. Saura wa?"

Ta ce, "Malam Sale, Allah ya sani ban buɗe baki ba."

Ya ce, "Kin kashe ni da raina, kin kashe gidanmu." Ya faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba.

Daga nan kowa ya tuno nashi. Wannan ta ce lallai da ta yi ɓari an ji a gari kafin ta koma gida. Wancan ya ce ciwon da ya kai a ɓoye, abokansa sun yi mashi shaguɓe a kai. Aka ce Sista baƙuwa ce, bakinta ba linzami, daman ba ta ɗauke mu a bakin komai ba. Matan da ta yi wa unguwarzoma suka daina gaishe ta a rijiya. Ƙungiya ta zauna bincike, aka kira Injiniya aka tambaye shi ko magana na iya fita ta rediyo. Ya ce ba ta yiwuwa. Aka sallami Sista Rifkatu. Malam Bulus ya je ya taya ta ɗora gado da keken ɗinki a bayan akori-kura. Ya ce mani ba wanda ya fito rakiya.

Da kaka, lokacin sayen auduga, aka kira ni wani sito a Kurfi. Masu sayen audugar su ma suna da oba-oba irin ta asibiti, wurin Injiniya suka saya, sai dai tasu ba ta da ƙaramin akwatin. Ɓera ya ci wayar eriya a inda ta bi ta ƙarƙashin buhuna. Na yanke wurin, na feƙe, na liƙa, na naɗe da roba. Masu dako na zaune a kan benci suna cin gyaɗa, Malam Iro mai kula da siton yana tsaye a kaina. Na kunna, na riƙa juya maɓallin tasha don in ji ko tana kamawa. Sai ga muryar likita, ras, kamar yana cikin ɗakin. Yana kiran Kuki, ya faɗi sunan wata mata da na mijinta, ya fara bayanin abin da aka gani a fitsarinta.

Na kashe. Ɗaya daga cikin masu dakon ya ce, "Haba Malam, bari mu ji ƙarshe."

Na dubi Malam Iro na ce, "Mi ke nan?"

Ya ce, "Tashar likita ce. In ba aiki mukan kama ta. Wata rana a ji shi sarai, wata rana sai gurnani."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kafa."

"Ran da aka faɗi maganar Sale fa?"

Ya kau da kai. Wani daga kan benci ya ce, "Nan muke zaune."

Na ce, "Kuna zaune nan kuka ji, kuka kai kasuwa, kuna kallo aka kori matar nan, ba wanda ya ce uffan?"

Malam Iro ya ce, "Ba a tambaye mu ba. Kuma in masu sito suka ji ina wasa da rediyonsu, ni za a kora."

Ku dubi wannan. Garada majiya ƙarfi, sun san gaskiya, suka bar ta a kan mace guda.

Na koma Dutsin-Ma na faɗa wa Malam Bulus. Muka zauna muna juya maganar "wata rana sarai, wata rana gurnani". Shi ya tambaye ni abin da ya bambanta asibitin Dutsin-Ma da na Kurfi. Na ce Kurfi batir zalla take amfani da shi, ba ya yankewa. Dutsin-Ma kuwa wutar gari ce, in an ɗauke a tada janareta, a wuni sai a yi haka ba adadi. Ya ce to mu gwada.

Washegari ya hau mota ya tafi siton Kurfi ya zauna gaban rediyon Malam Iro. Ni na shiga wurin likita na roƙe shi ya ba ni lokaci kaɗan. Mutumin kirki ne, bai wulaƙanta ni ba. Ya danna lambar sirri, fitila ta yi kore, ya yi magana. Shiru, ba amsa. Na zare wayar wuta na mayar, daidai yadda takan yi in za a koma janareta. Fitila ta ƙyafta ta dawo kore. Na ce ya sake magana. Ya ce, "Akwai mai ji na?"

Sai muryar Malam Bulus ta fito. "Likita, ina jin ka tsaf. Daga siton auduga nake, ni da masu dako."

Ga abin da ke faruwa. Da wuta ta yanke, akwatin sai ya manta lambar, ya daina hargitsa komai, ya saki magana a fili. Amma fitilar ba ta san an manta ba, tana nan kore. Akwatin da ke can ɗaya gefen kuma an yi shi ya karɓi magana ko a hargitse ko a fili, saboda haka mai saurare ba zai ji bambanci ba. Ba waya ce ta tsinke ba, ba abin da ya ƙone, hanci ba zai ji ba, mita ba za ta nuna ba. Kuskure ne a cikin umarnin da aka rubuta.

Likita ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon fitilar. Ya ce, "Ashe da bakina ne."

Ya aika aka kira Injiniya. Ina nan tsaye aka sake gwajin a gabansa. Ina jiran in ga ya razana. Ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "E, wannan mun san da shi."

Likita ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo su nan. A sabon samfuri an gyara. Akwai ɗan abin da ake canjawa a ciki, in kuna so sai a yi maku oda. Kafin nan, duk lokacin da wuta ta yanke ku sake danna lambar, shi ke nan."

"Shi ke nan? Wannan 'yar maganar mi ya hana ka faɗa mana ran da ka kafa?"

"Likita, wurare da yawa na sayar wa irin wannan. In na faɗa wa ɗaya, gobe duka za su tara mani akwatuna a ƙofar ofis. Masu ƙera shi ma cewa suka yi a bari sai sabon ya fito."

"An tambaye ka a gaban kwamiti ka ce ba ta yiwuwa."

"Abin da na fahimta, an tambaye ni ko akwatin yana hargitsa magana. Yana hargitsawa."

Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, an kori mace a kan wannan. An kashe wa mutum sana'ar gidansu."

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Wannan tsakanin asibiti ne da ma'aikaciyarsu. Kai kuma wa ya ba ka izinin zare wuta daga na'urar kamfani? Batir aka ce ka duba."

Jar takardar nan tana nan a kan notunanta, ban taɓa ko ɗaya ba. Hakan bai hana shi bin duk ofisoshin da ya sayar wa kaya yana cewa kada a sake barina kusa da na'ura ba, wai ina yi masu karambani. Maganar ta fito gari ta juye, aka ce Lawal mai rediyo ne ke kama hirar mutane. Shekarar kuwa daman ta zo da tsanani. Kayan gyara sun yi wuya, wanda ake samu a Kano ya fi ƙarfin mai rediyo. Matattun rediyoyi nake fasawa ina cire abin da ya rage da rai ina sa wa wasu. Aikin ofis da nake jingina da shi ya tafi gaba ɗaya. Masu rikoda suka koma kai wa wasu. Sai in wuni a rumfa ban hura gawayi ba. Da damina ta sauka na rufe na koma Rawayau na kama fartanya. Abin da ya riƙe ni Malam Bulus ne. Yana karɓar aiki da sunansa, ya aiko mani a kwali a bayan babur, in gyara a ƙauye in mayar, mai kaya bai san hannun wa ya taɓa ba.

Ƙungiyar asibitin kuma ta sayi ɗan abin da ake canjawa, daga hannun Injiniyan nan dai, aka sa, aka yi shiru. Likita ya nemi a sanar da mutanen Kurfi, a dawo da Sista. Manyansa suka ce in aka ji cewa rediyo ce ke tona asiri ba mai sake zuwa asibiti, kuma an riga an cike gurbinta. Wato sunan na'ura ya fi sunan mutum.

Ni na je na sami Sale. Ya shanye maganinsa, ya warke, ya yi ƙiba ma. Amma fawa ta ƙi komawa, kwasar fata yake yi wa wasu yana kaiwa wurin jima. Na same shi yana barbaɗa gishiri a kan fatar akuya, na faɗa mashi komai tun daga siton auduga. Bai katse ni ba. Da na gama ya wanke hannu ya ce, "Malam Bulus ya san garinsu?"

Mu uku muka tafi, mota bayan mota, har wani ƙauye a gindin duwatsu. Muka same ta a ƙofar gida tana ɗinki. Ba ta koma aikin jinya ba, don takardar sallamar da aka ba ta ba wanda zai gani ya ɗauke ta. Ta gaida Malam Bulus har ƙasa, ta kawo mana ruwa. Sale ya durƙusa ya ce, "Sista, na zo neman gafara. Na zalunce ki." Malam Bulus ya yi mata bayanin akwatin.

Ta saurara har ƙarshe, hannunta na kan keke. Sannan ta ce, "Malam Sale, ka ƙarasa maganin?"

"Na ƙarasa."

"To madalla. Ni tun ran nan na san ban faɗa ba, saboda haka ba labari kuka kawo mani ba. A ina ka zage ni?"

"A ƙofar asibiti."

"Gaban wa?"

"Gaban mutane."

"An faɗa wa mutanen?"

Sale ya girgiza kai.

Ta ce, "Na yafe maka, ciwo da tsoro ne suka sa ka. Amma nan ba wanda ya san an ce mani mai tona asiri. Can ne aka sani. Can za ka kai wannan maganar."

A hanyar dawowa, da muka kusa Dutsin-Ma, Sale ya juyo wurina. Ya ce, "Malam Lawal, kana da lasifika babba?"

Ina da wata ta ƙaho da nake gyara wa wani masallaci. Ran kasuwar Kurfi na ɗaure ta a jikin sanda a bakin layin mahauta, na jona da batirin mota, na gwada ta da ɗan yatsa, na miƙa mashi. Rana ta take, kasuwa ta cika. Ya yi sallama ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce shi ne wanda ya yi tarin fuka, Sista Rifkatu ce ta sa shi a magani, ga shi ya warke. Ya ce ba ita ta tona shi ba, na'urar asibiti ce ta saki maganar, wasu suka ji a siton auduga suka yaɗa, kuma wanda ya sayar da na'urar ya san da lahanin ya ɓoye. Ya ce ya zage ta a kan ƙarya, kuma duk wanda ya taya shi ya san kansa.

Wasu suka tsaya da kaya a ka suna ji. Wasu suka ci gaba da ciniki. Na hango Malam Iro ya bi ta bayan rumfunan hatsi ya sulale. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso ta zo har gindin sandar, ta ja ni ta riga, ta ce, "Ɗana, wannan abin naka yana kai magana har garinsu?"

Na ce, "A'a Inna, iyakarsa kasuwar nan."

Ta ce, "Jikokina duka ita ta yanke masu cibi, kuma ni ce na fara ɗauke kai da ta gaishe ni." Sai ta koma wurin daddawarta.

Sista Rifkatu ba ta sake taka Kurfi ba. Sale bai sake riƙe wuƙar fawa ba. Injiniya kuwa, da shekara ta zagayo na gan shi a Dutsin-Ma da sabuwar mota, ya kawo wa wani ofis sabon samfuri, yana tsaye a gaban ma'aikata yana yi masu rantsuwa cewa wannan kam ba ya kuskure.